Tambaya da Amsa: Ana iya kamfen mai tsafta kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Kawuna ne zai fito takarar dan majalisar jiha, yace in rike masa matasan unguwarmu a Rigasa, ni kuma wallahi gabana faduwa yake don na ga yadda ake yi, rabon taliya da atamfa, zagi a rediyo, ga 'yan sara-suka. Dan Allah ana iya kamfen ba karya ba sayen kuri'a, ko in hakura kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam kanina. Ana iyawa, sai dai akwai wuya. A nan Kaduna aka taba yi ai, 1979 Balarabe Musa ya ci gwamna a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano alhali jam'iyyar NPN ce ke da masu kudi, duk da dai 'yan majalisa sun tsige shi a 1981.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Zabe ta 2022, wadda aka yi zaben 2023 da ita, ta kayyade wa dan takarar majalisar jiha naira miliyan 30, ta hana kamfen a masallaci da coci, ta hana kalaman batanci. Amma dattin tun a zaben fidda gwani na jam'iyya yake farawa, wanda ya ci bashi ya sayi tikiti kuwa in ya hau kujera kudinsa zai fara nema kafin ya tuna da kwatar unguwarku. Don haka ka tambayi kawu kai tsaye, cikin ladabi, daga ina kudin suke fitowa kuma wa zai biya daga baya.

Kudin fosta da na mota da sallamar ejan da zai tsare akwati tun safe har a kirga, wannan aiki ne, ba laifi. Amma a ba ka jaka ka tsaya bayan layi kana mika wa mata dubu biyu bayan sun nuna inda suka dangwala, kar ka karba ko da wasa.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba taliyar ba ce, a hau mota da lasifika ana cewa kar ku zabi wane don ba addininmu daya ba, a garin da tun rikicin 2000 mutane suka rabu wasu tsallaken kogi wasu nan, kuma bayan zaben 2011 an kashe mutum sama da 800 a Arewa, Zonkwa da Kafanchan har yau ba su manta ba. Yaran da ake ba kwaya su bi ayari da gora da adda kannenka ne, kai za ka hada ido da iyayensu bayan zabe.

Ka shiga gida-gida da sallama, ka fadi abin da dan majalisa zai iya, doka da sa ido kan kasafi da bibiyar aikin mazaba, kar ka yi wa kowa alkawarin aikin gwamnati. In kawu ya amince ka tsaya masa da karfinka, in yace sai an yi yadda kowa ke yi, ka ba shi hakuri ka janye, ka ci gaba da zuwa gaishe shi.