Injin gahawarki bai lalace ba, Hajiya, wanki yake so

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki cewa injin haɗa gahawar da aka kawo miki tsaraba, irin mai ɗigo cikin jug ɗin gilashi, ya fara ɗaukar lokaci kafin ya gama, yana ƙugi, gahawar kuma ta koma ɗaci, har kina tunanin ko garin da kike saya ne ba shi da kyau. Na daɗe ina amfani da irin wannan injin da kuma ƙaramar tukunyar dafa gahawa ta Italiya da ake kira moka, kuma abin da kika faɗa na san shi sarai. Kada ki yi saurin canza gari. Fara duba ruwan da kike zuba masa.

Idan ruwan burtsatse ko na rijiya ne, to kusan an gama gano matsalar. Leƙa cikin butar da kike dafa ruwan shayi, za ki ga wani farin abu ya daskare a gindinta. Ma'adanan da ke cikin ruwa ne, kalsiyam da magniziyam, suke fitowa idan ruwa ya yi zafi. A buta ba ya hana komai, amma a cikin inji bututun da ruwa ke bi siriri ne ƙwarai, kuma nan ne ƙarfen da ke ɗumama ruwan yake. Da zarar farin abin nan ya lulluɓe shi, hanya ta ƙuntata, ruwa ya riƙa fita da ƙyar, zafinsa ma ya daina kaiwa yadda ake so. Gahawa tana son ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, kuma tana son ya ratsa garin cikin 'yan mintuna ya wuce. In ya daɗe yana jiƙa garin, sai ya tatso ɗacin da bai kamata ya fito ba.

Maganinsa tsami ne. Ki samu farin khal, ki haɗa rabi khal rabi ruwa, ki cika tankin, ba tare da kin sa gari ba. Ki kunna, in ya sauke kamar rabi ki kashe, ki bar shi rabin awa tsamin ya ci dattin, sannan ki kunna ya ƙarasa. Bayan nan ki zuba ruwa zalla ya bi ta ciki sau biyu ko uku har warin khal ya fita. Ni na fi son garin sitirik asid da ake samu wajen masu kayan kek da lemo, cokali ɗaya ko biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwa, don ba ya barin wari. Da ruwan burtsatse, ki riƙa yin haka duk wata ɗaya ko biyu. In za ki iya komawa ruwan gora ko tataccen ruwa, injin zai fi daɗewa kuma ɗanɗanon zai canza tun ranar farko. Masu injin esfireso (gahawa mai kauri da injin ke matsowa da ƙarfi) ko na kafsul (ƙananan kofuna rufaffu masu gari a ciki) kuwa su duba takardar da ta zo da shi tukuna, domin wasu kamfanonin sun hana khal, suna da nasu maganin.

Abu na biyu da mutane ba sa lura da shi shi ne mai. Gahawa tana da maiƙo, kuma yana maƙalewa a kwandon da ake sa gari, da murfin jug, da ragar tacewa idan ba ta takarda ba ce. In ya kwana biyu sai ya yi hamami, duk sabuwar gahawar da ta bi ta kai ta ɗauko shi. Don haka kullum bayan an sha, a zubar da tukar, a wanke waɗannan da sabulu da ruwan ɗumi, a bar murfin tankin a buɗe ya sha iska. Da damina musamman, tanki mai laima a rufe ba ya daɗewa sai fumfuna. Kuma don Allah kada ki bar jug ɗin a kan farantin zafi na injin fiye da 'yan mintuna, ƙona gahawar yake yi a hankali. Juye ta a filas.

Tunda tsaraba ce, ki juya gindin injin ki karanta abin da aka rubuta. Na Amurka a kan bolt 120 aka ƙera su, tamu wutar kuwa 230 ce, sai da na'urar rage ƙarfin wuta mai ɗaukar nauyinsa. Yawancinsu suna jan wat 1,000 ko kusa da haka, ƙaramin janareto ko inbata na wahala da su.

To sai maganar gari. Abin da ake nomawa a duniya kusan iri biyu ne. Arabika, wadda asalinta daga tsaunukan Habasha take kafin ta haura Yaman, ita ce mai ƙamshi da ɗan tsami-tsami mai daɗi, tana son wuri mai tudu da sanyi, shi ya sa ake samunta a tsaunin Mambila na jihar Taraba da yammacin Kamaru. Brazil ce ta fi kowa nomanta. Robusta kuma tana jure zafi da cuta, ta fi araha, ta fi ɗaci, kuma kafeyin ɗinta, wato sinadarin da ke wartsakarwa ya kori barci, ya kusan ninka na Arabika. Vietnam ce kan gaba wajen nomanta, kuma ita aka fi sawa a gahawar gwangwani mai narkewa a ruwa. Wannan mai narkewar an riga an dafa ta an busar, ba ta shiga inji ko kaɗan. Latte da kafucino da kika ambata kuwa ba wata irin ƙwaya ba ce, esfireso ne aka haɗa da madara, bambancin yawan madarar da kumfarta ne kawai.

Suyar ma tana da nata tasirin. Wadda aka soya har ta yi baƙi tana sheƙi ita ce mai ɗaci da ƙamshin ƙuna, amma ba ta fi sauran kafeyin ba kamar yadda ake zato. Gahawar da muke sha da dabino a Makka da Madina, mai ruwan ɗorawa, suya kaɗan aka yi mata aka dafa da kayan ƙamshin da ake kira hel. Ta 'yan'uwanmu na Sudan, jabana, ta fi soyuwa kuma da citta ake yinta. Waɗannan biyun a kan wuta ake dafa su, kada ki gwada su a injinki, garin kayan ƙamshin zai toshe ragar ya bar wari.

Inda na fi ganin ana ɓata kuɗi shi ne niƙa. Kowane inji da laushin da yake so. Naki matsakaici yake so, kamar yashi in kin murza a yatsa. Mai laushi sosai na esfireso ne, in kin sa shi ruwa zai tsaya a kwando, ɗaci ya ƙaru, wataƙila ma wannan na cikin abin da ke damunki, ki duba jikin ledar garin. Ɓarzajje kuma na jug ɗin nan ne mai sandar dannawa. Tukunyar moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, tana son wanda ya ɗan fi naki laushi, ba a danna garin, ruwa kada ya wuce ɗan bawul ɗin da ke gefe, wuta kuma ƙasa-ƙasa. Ita na fi ba mutanenmu shawarar saya, don ba ruwanta da wutar lantarki, robar bakinta kawai ake canzawa in ta bushe.

Ma'auni kuwa, giram 60 na gari a lita ɗaya ta ruwa, wato kamar cokali biyu na cin abinci ga kofi ɗaya matsakaici. Ki sayi ƙaramar leda wadda za ta ƙare cikin makonni kaɗan, ki adana a mazubi mai rufuwa gam nesa da rana. Banda firji, don gahawa tana zuƙar warin kifi da daddawa. In ƙwaya kika saya, ki ware mata abin niƙanta daban da na yaji.

Ki fara da wankin tsamin nan yau, ki gwada da garin da ke hannunki kafin ki sayi wani. In har bayan wanki biyu ruwan bai saki ba, ki turo mana hoton takardar da ke gindin injin da na ledar garin, mu duba tare.