Ku Tambayi Malamin Lissafi: Wai rashin iyaka ma akwai babba da karami?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni dalibi ne, lissafi nake karanta a jami'a. Abokina yace wai masu binciken zallar lissafi zaman banza suke, tunda an gama gano komai tun tuni. Haka ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam dalibi. Ka mika wa abokin nan naka wannan ya warware mana. Lambar firam dai ita ce wadda bata rabuwa sai da 1 ko da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11. To shin duk lambar da take cika, wato mai rabuwa da 2, in dai ta wuce 2, ana iya samunta in an hada firam guda biyu? 10 ai 3 da 7 ce, 28 kuma 11 da 17. Tambayar ta fito ne daga wasikun Goldbach da Euler a 1742, kuma har yau babu wanda ya kawo hujja, duk da an sa kwamfuta ta gwada lambobi bila adadin bata ci karo da ko daya da ta saba ba. A wurin mutanen nan gwaji ba hujja bane, ko sau nawa ka gwada. Maganar Fermat ta wajen 1637 ma, wata tsohuwar matsala akan lambobi, sai a 1994 Andrew Wiles ya kammala hujjarta. Batun amfani kuwa, tsarin RSA na 1977 da ake kulle bayanai dashi a intanet kacokan akan wahalar farfasa babbar lamba zuwa firam dinta ya dogara.

TAMBAYA: Malam na ji lakcara na cewa wai wani rashin iyakan yafi wani girma. Abin da bashi da karshe ta yaya zai fi dan uwansa? Kaina ya kulle wallahi.

AMSA: Yar uwa ba ke kadai bace, lokacin da Georg Cantor ya fito da maganar a Jamus a 1874 manyan malamai ma sun yi masa ca, musamman Kronecker. Amma bi ni a hankali. A ilimin rukuni ana cewa rukuni biyu girmansu daya in za'a iya hada su daya da daya ba tare da wani ya rasa abokin tafiya ba. Lambobin kirge 1, 2, 3 da lambobin cika 2, 4, 6, sai ki bawa 1 lamba 2, ki bawa 2 lamba 4, ki bawa 3 lamba 6, haka har abada, babu wanda ya rage, kenan girmansu daya duk da ido na ce miki cika rabi ne kawai.

Inda gizo ke sakar shi ne lambobin da ke tsakanin 0 da 1. A ce wani ya bugi kirji yace ya jera su kaf, ta farko 0.5183..., ta biyu 0.2467..., ta uku 0.7316..., har illa masha Allahu. Ki dauki harafi na farko a ta farko, wato 5, ki maida shi 6. Na biyu a ta biyu 4 ne, ki maida shi 5. Na uku a ta uku 1 ne, ya koma 2. Sabuwar lambarki ta fara da 0.652..., kuma in kika ci gaba a haka ta saba da ta farko a gurbi na farko, ta saba da ta dubu a gurbi na dubu, to a ina take cikin jerin? Bata ciki, kuma ko wane jeri aka kawo haka za ki yi masa, kenan ba za'a iya hada su daya da daya da lambobin kirge ba, rashin iyakarsu ya fi na lambobin kirge girma. Wannan dabarar a 1891 Cantor ya wallafa ta, ni a ganina duk cikin lissafi da wuya ka samu hujja mai gajarta da karfi kamarta.

Cantor ya kuma tambaya ko akwai wani girman a tsakanin na lambobin kirge da na lambobin da ke tsakanin 0 da 1. Hilbert ya sa tambayar a farkon matsaloli 23 da ya gabatar a 1900. Gödel ya nuna a 1940 cewa da ka'idojin da aka saba aiki dasu ba za'a iya karyata cewa babu ba, Paul Cohen kuma a 1963 ya nuna ba za'a iya tabbatarwa ba. Ka'idojin ne basu kai can ba, shi yasa har gobe ake muhawara akan wace ka'ida ya kamata a kara.

TAMBAYA: Mene ne tofoloji, kuma me ya hada shi da lambobi?

AMSA: Nazarin siffar da bata canjawa in an ja abu ko an lankwasa shi, banda yagawa banda likawa. Kofi mai mariki da zobe duk abu daya ne a can, tunda kowanne huda daya gare shi. Babbar tambayar fannin ta Poincaré ce ta 1904, akan yadda ake gane siffar kwallo, Grigori Perelman na Rasha ya warware ta a 2002 zuwa 2003, aka bashi dala miliyan daya yace baya so.

Alakarsa da lambobi kuwa, a 1955 Furstenberg yana dalibi ya sake tabbatar da cewa firam basu da karshe, abinda Euclid ya riga yayi, amma shi da tofoloji. Ya dauki jerin lambobi masu tazara iri daya, kamar ...-3, 0, 3, 6..., ya kira duk rukunin da aka hada da irin wadannan jerin budadden rukuni, sai ya zama ko wane budadden rukuni in ba fanko bane to bashi da iyaka. Duk lamba banda 1 da -1 akwai firam din da ke raba ta. Da firam kididdigaggu ne da dole ragowar nan, 1 da -1, su zama budadden rukuni, alhali su biyu ne kacal. Hujjar bata kai shafi daya ba.

Wanda ya aiko tambaya akan hasashen Riemann yayi hakuri, fili ya kare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.