Amsa ga mai shirin zuwa taron muhalli a tsibirin Biyoko

Malam, tambayarka ta iso mu nan Malabo, babban birnin tsibirin Biyoko. Ka ce an gayyace ka taron bita kan kare daji da namun dawa, za a fara a cikin gari sannan a fita garin Moka da bakin tekun kudu, kana son sanin abin da za ka ɗauko daga Kano da yadda 'yan'uwa suke zaune a nan. Mutumin Arewa in ya ji an ce tsibiri, zafi yake shirya wa. Ka huta da wannan. Da wuya zafin Malabo ya wuce digiri 32, wanda ya sha bazarar Kano ba zai ko kula ba. Abu biyu ke kayar da baƙo a Biyoko: takarda da laima, wato danshi.

Mu fara da takarda, don ita ce mai hana mutum shigowa. Tsibirin ɓangare ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wadda ba ta cikin ECOWAS. Duk da cewa tazarar da ke tsakaninsa da gaɓar Kamaru kilomita 32 ce kawai, kuma kusa yake da Kalaba, fasfonka na Najeriya ba zai shigar da kai ba sai da biza. Ka tabbata fasfon yana da sauran wata shida aƙalla. Ka sa masu taron su aiko maka da wasiƙar gayyata da Sifaniyanci, mai hatimi, ɗauke da sunanka yadda yake a fasfo harafi da harafi. A nan 'yan Arewa suka fi samun matsala: fasfo ya ce Muhammad, wasiƙa ta ce Mohammed, tikiti ya ce Moh'd, sai jami'i ya ce mutum uku ne. Ofishin jakadancin Ikwatoriyal Gini yana Abuja, kada ka bari sai saura mako guda ka nufe shi. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne, ana dubawa a filin jirgi, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya yi allura ana jibi tafiya, katinsa takardar banza ce.

Shigowa ba shi ne ƙarshen maganar takarda ba. Da zarar an bar Malabo akwai shingayen bincike a hanya, kuma wuraren da irin taronku ke zuwa, kamar ƙauyen Ureka da dutsen Basile, sai da takardar izini daga hukuma. Masu taron ne ya kamata su nemo ta. Ka tambaye su tun kana gida ko sunanka yana ciki, domin wanda aka ƙara daga baya shi ake saukewa a shinge a bar shi yana kallon mota. Ka yi hoton fasfo da biza da katin allura kwafi uku, ka raba su wuri daban-daban cikin leda. Al'adarmu a nan, ko shago mutum zai leƙa ba ya fita ba takarda a aljihu. In an tsayar da kai ka fara da gaisuwa, "buenos días", ka miƙa abin da aka nema, kada ka ɗaga murya. Kada ka ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa, barikin soja, tashar jirgin ruwa, filin jirgin sama ko shi kansa shingen. Kada ka zo da riga ko jaka mai kalar kakin soja. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, in ba masu taron ne suka samo masa izini a rubuce ba, ka bar shi a Kano.

Kuɗin ƙasar sefa ce, amma ka lura da wannan sosai in ka je Wapa. Sefa iri biyu ce. Ta Maraɗi da Kwatano daban, ta Garwa da Injamena da Malabo daban. Darajarsu ɗaya, Yuro ɗaya sefa 655.957 a kowacce, amma mai shago a nan ba zai karɓi ta Nijar ba. Ka duba takardar kuɗin ka ga an rubuta "Afrique Centrale". In ba ka samu ba, ka sayi Yuro, shi ya fi sauƙin canji tunda farashinsa a ɗaure yake: Yuro 100 ya kamata ya ba ka kusa da sefa 65,000. Kada ka dogara da naira ko katin bankin gida. Ka nemi canji ƙanana tun a Malabo, 500 da 1,000 da 2,000, don a ƙauye miƙa takardar 10,000 ɓata lokaci ne. Kuma ka ƙara wa lissafinka, garin yana da tsada, kusan duk abin da ake ci a jirgin ruwa yake shigowa.

To, laima. Ruwan da ke sauka Kano a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba. Malabo tana samun kusan ninki biyu. Ureka, a kudancin tsibirin, tana wuce 10,000, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Afirka. Rani a nan daga Disamba ne zuwa Fabrairu, har ɗan hazon hunturu yakan leƙo, amma ranin Ureka ruwa ake yi a cikinsa. Abin da wannan ke nufi ga kayanka shi ne, duk abin da ya jiƙe ba ya bushewa. Shadda mai sitaci da aka buga ta yi ƙyalli, kwana biyu ta saki ta fara warin danshi. Takalmin fata da jakar fata sukan yi funfuna a cikin akwati. Ka kawo kaftani ɗaya ko biyu don ranar buɗe taro da Juma'a, ka naɗe su cikin leda, ka bar su a masaukinka na gari. Na daji kuwa, riguna uku masu dogon hannu na yadin roba mara nauyi irin na 'yan ƙwallo, wando biyu masu saurin bushewa, ban da jins, don jins in ya sha ruwa sai ya kwana uku yana ɗiga. Dabarar masu aikin daji ita ce kaya kashi biyu: na rana, wanda za ka mayar jikinka da safe ko da ɗanye ne, da na kwana, wanda ba ya fita daga leda sai ka shiga tanti. Ranar da ka ji ƙyashin sa ɗanyen ka fita da busasshen, daga daren nan ba ka da busasshe.

Ƙafa ita ce ta fi shan wahala. Takalmin roba mai tsawo zuwa ƙwauri ya fi kowane takalmin hawa dutse mai tsada, domin hanyoyin taɓo ne da santsi da ƙetaren rafi. Ka sayi mai ɗan yalwa, ka haɗa da safa ƙafa biyar ko shida. Da dare ka wanke ƙafa, ka goge tsakanin yatsu, ka barbaɗa hoda, in ba haka ba cikin kwana uku fatar za ta yi fari ta fara tsagewa. Da safe ka kife takalmin ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa.

Akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a kan ɗanyen tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. In ka sa rigar, tsutsar ta shige fata, bayan 'yan kwanaki ka ga kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Shi ya sa gidajenmu a nan ake goge komai da dutsen guga, har singileti da zanen gado, ba don gayu ba. In ya riga ya kama ka, kada ka matse da ƙarfi. Ka toshe ramin da basilin, tsutsar za ta rasa iska ta leƙo, sai a zare ta a wanke wurin.

Waya, kwamfuta da kyamara su shiga leda mai zif, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. In ka fito da kyamara daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje, gilashinta zai yi raɓa, ka ba ta minti goma sha biyar a cikin jaka kafin ka buɗe. Rubutu da fensir za ka yi, tawadar biro malala take yi a ɗanyar takarda. Wutar ƙasar 220 ce kamar ta gida, amma soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi. Layin waya, Getesa ko Muni, da fasfo ake saya, kuma in an gangara kudu sabis yakan ɓace. Ka gaya wa iyali tun da wuri don kada a ɗaga hankali.

Wani abin da baƙi ba sa tsammani: sanyi. Moka tana kan tudu sama da mita 1,300, hazo yana rufe ta da yamma, dare kuma sai da rigar sanyi da bargo. Ƙololuwar Basile ta haura mita 3,000. Rigar sanyinka ta hunturu ta biyo ka.

Zazzaɓin cizon sauro yana nan duk shekara, ba sai da damina ba kamar gida. Ka ga likita kafin ka taso ya faɗa maka ko kana bukatar maganin rigakafi. Ko ba ka sha ba, ka riƙe gidan sauro da cikakken kwali ɗaya na artemether-lumefantrine, ƙwaya 24 ga babba, huɗu sau biyu a rana har kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo. Ka haɗa da gishirin ORS da filasta, don ɗan ƙwarzane a wannan danshi saurin ruruwa yake yi. Ruwan rafin daji yana da haske kamar na gora, amma a tafasa shi.

In an kai ku ganin kunkurun teku, lokacinsu daga wajen Nuwamba ne zuwa Fabrairu, kuma iri huɗu ne ke hawowa yashin kudu su yi ƙwai da dare. Farin hasken tocila yana mayar da uwar cikin ruwa ba ta zuba ƙwan ba, yana kuma ɓatar da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su nufi daji. Ka nemi tocilar goshi mai jan haske, ka sa baƙaƙen kaya, ka kashe walƙiyar kyamara, ka tsaya ta bayanta. Tekun kuwa ba kududdufi ba ne. Igiyarsa tana jan mutum ciki, kuma bakin rafukan da ake ƙetarawa yakan cika ya janye da lokaci. In ɗan jagora ya ce a jira, a jira.

Game da mu Hausawan nan. Tsofaffin 'yan Najeriya suna kiran tsibirin Fanya, daga sunan Sifaniya, tun zamanin da ake ɗibar leburori daga kudu maso gabas zuwa gonakin koko. Namu kakannin fatauci ya kawo su, kuma har yau 'yan ƙasa sukan kira duk Musulmi mai doguwar riga "hausa", ko daga Mali ya fito. Masallaci shi ne zangonmu. Ka je babban masallacin Malabo, ka yi sallama da liman da dattawa, ka faɗi garinku da abin da ya kawo ka, daga nan za a nuna maka mahauci da mai shayi da wanda zai yi maka canji ba cuta. Za ka ji Hausar yaranmu ta gauraya da Sifaniyanci da Pichi, wani broka ne na tsibirin mai kama da na Najeriya, kuma shi zai fi fid da kai a kasuwa da tasi fiye da Turancin makaranta. Abu biyu ba mu yi da baƙo kuma ba mu so ya yi: ba a hirar siyasar ƙasa, ko a tasi ko a teburin mai shayi, kuma ba a tambayar mutum yadda takardun zamansa suke. Kai mako guda za ka yi ka tafi, mu ne a nan.

Ƙasar ta Kiristoci ce, yawancinsu Katolika, Juma'a ranar aiki ce, don haka ka faɗa wa masu taron tun farko su san za ka fita. Agogo ɗaya ne da na Najeriya, rana tana fitowa tana faɗuwa wajen shida da rabi kusan duk shekara, kuma duhu yana rufawa da sauri bayan magariba. Alƙibla ta fi karkata arewa a kan yadda ka saba, kusan digiri 57 daga arewa, Kano kuwa 68. In ka yi niyyar kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, kasaru ta faɗi.

Abinci, kifi shi ne mafitarka, ga shi sabo, da ayabar suya da rogo da gwaza. Kajin kanti daskararru ne daga ƙetare, mu wajen mahautanmu muke saye. Ka haddace "sin cerdo", ban da alade, da "sin alcohol". Abin da ake kira tope bammi ne, malamba kuma giyar rake ce, in an miƙo ka dafa ƙirji ka yi godiya. Naman daji da ake kasawa a kasuwar Semu, har da birai, shi ne rabin abin da za ku tattauna a taron, an kuma haramta farautar biri tun 2007. Ka je ka gani in an kai ku, amma kada ka ɗaga waya kan masu sayarwa.

Moka gari ne na Bubi, 'yan asalin tsibirin, sunan wani sarkinsu ne ma aka sa masa. Suna da wurare a daji da bakin ruwa da suke girmamawa. Ka bar ɗan jagora ya shige gaba, ka tambaya kafin ka tsinki ganye ko ka ɗauki dutse.

Tsaraba, in kana son dattawa su sa maka albarka, kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da dabino, kowanne a ɗaure cikin leda biyu. Kilishi kada ya yi yawa, kwana kaɗan yake yi ya yi laushi ya fara funfuna, a raba shi ranar da ka sauka. Wajen komawa ka bar kwana ɗaya tsakanin dawowarku daga kudu da tashin jirginka, don ruwa yakan tsare mota, kuma kada ɓawon kunkuru ko fatar dabba ko irin shuka ya shiga akwatinka.