Madubi Daban, Ruwan Tabarau Daban

Tambayoyin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan haske da gani suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Wani malamin kimiyya a wata sakandare da ke Bukuru ya ce ɗalibansa suna rikicewa, domin gilashin da ake duba fuska da shi da gilashin da ke gaban kyamara duk "madubi" suke kiransu. Yana so ya san ko akwai laifi a haka.

Akwai laifi, Malam, kuma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ta fuskar ginin kalma ba a yi kuskure ba, domin madubi daga "duba" ya fito, kamar yadda mabuɗi ya fito daga "buɗe", magirbi daga "girbe". Amma al'ada ta riga ta keɓe shi ga abin da ke maido maka da haske. Madubi yana da shafe a bayansa, haske ya bugi shafen ya dawo, ka ga fuskarka. Gilashin kyamara da na tabarau kuwa haske ratsa su yake yi ya wuce, sai dai yana sauya hanya. Ayyuka biyu ne masu hannun riga da juna, ta yaya za a ɗora musu suna ɗaya a gaban yaron da ke neman fahimta?

Ni "ruwan tabarau" nake so a riƙa cewa. Wasu na ganin kamar fassara ce ta ganganci, su ce ina ruwa a cikin gilashi. To ina ruwa a jikin wuƙa? Ai muna cewa ruwan wuƙa, ruwan takobi, ruwan gatari, wato ɓangaren da ke yin ainihin aikin, ban da ƙota ko mariƙi. Haka ruwan tabarau yake, shi ke aiki, ƙarfen da ke rataye a kunne riƙo kawai yake yi.

In kana so yara su gani da idonsu, aro tabaran karatu na wani dattijo, irin mai kauri a tsaka, ka fita da su rana tsaka. Riƙe shi sama da busasshiyar takarda kana matsarwa a hankali, har hasken ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya fari fat. Ba da jimawa ba wurin zai yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Tabaran mai matsalar ganin nesa ba zai yi haka ba, domin tsakiyarsa sirara ce, watsa haske yake yi. Sannan ka tsoma cokali a kofin gilashi mai ruwa, su ga yadda ya yi kamar ya karye daidai bakin ruwan. Dalilin shi ne gudun haske. A sarari yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a cikin ruwa ya sauko wajen 225,000, a cikin gilashi wajen 200,000. Idan ya shiga a karkace, wannan raguwar gudun ita ke sa shi sauya hanya. Wannan shi ne "karyewar haske", na madubi kuma "dawowar haske". Larabawan yau ma inkisar suke cewa, wato karyewa.

Tunda an taɓo nan, ku lura da yadda muke magana: ya jefa ido, ta kafa masa ido, idona bai kai can ba. Sai ka ce wani abu ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. Manyan masanan Girka irin su Euclid da Ptolemy haka suka ɗauka. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya tsaya da gwaji ya nuna cewa haske ne ke barin abu ya shigo ido. Wanda ya taɓa buɗe ido tarwai a ɗaki mai duhu ɗundum bai ga ko tafinsa ba ya san gaskiyarsa. Ban ce a daina jefa ido ba, salon magana ne mai daɗi, sai dai kada a shiga da shi aji a matsayin bayani. "Madubin likita" da "madubin hangen nesa" kuwa sun riga sun zauna a bakin mutane, na bar su haka, amma malami ya faɗa wa ɗalibi cewa na likita ruwan tabarau ne a cikinsa.

Wata ɗalibar Jami'ar Jos ta tambaya: leza ko reza?

Leza, 'yata, wato siririn haske mai ƙarfi da wata na'ura ke fitarwa a miƙe. Reza ta aski ce. Theodore Maiman ne ya fara kunna leza a Amurka ranar 16 ga Mayu, 1960, kuma ranar ce UNESCO ta ware a matsayin ranar haske ta duniya. Ki hana ƙannenki haska wa juna ita a ido, tana iya ƙona shi daga ciki.

Wani direba mai zirga-zirga tsakanin Jos da Bauchi ya ce da rana yana hango ruwa kwance a kan kwalta, in ya isa babu komai. Mene ne sunansa?

Kawalwalniya, kuma ya dame ni cewa matasa da yawa ba su san kalmar ba. Kwalta ta ɗau zafi, iskar da ke dab da ita ta fi ta sama zafi da sauƙi, sai hasken da ya taho daga sama ya lanƙwaso ya hau zuwa idonka. Sararin sama kake gani a ƙasa, ka zaci ruwa ne. A nan "lanƙwasa" ta fi dacewa da "karyewa", domin sannu a hankali yake juyawa, ba farat ɗaya ba kamar a bakin gilashi. Hausa ta ba mu kalmomin biyu, sai mu yi aiki da kowacce a wurinta.

Wani mai gyaran waya a Terminus da ke Jos yana neman Hausar "faiba".

Ka ci gaba da cewa faiba, kowa ya gane. In kana bayani ga wanda bai sani ba, ka ce zaren gilashi, domin shi ne: gilashi mai tsabta, siriri kamar silin gashi, haske yana gudu a cikinsa yana bugun gefe yana dawowa ba ya ficewa. Charles Kao ne ya nuna a 1966 cewa in aka tsarkake gilashin zai kai saƙo nesa, ya sami kyautar Nobel a 2009. A 2010 igiyar faiba ta kamfanin MainOne ta iso Legas daga Portugal ta ƙarƙashin teku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kiranta "wayar wuta". Babu tagulla a cikin zaren, masu tone ta don su sayar a banza suke katse wa unguwa intanet.

Wata uwa daga Anguwan Rogo ta ce 'yarta ta tambaye ta me ya sa ake ce wa bakan gizo masha-ruwa.

Saboda yakan fito ne lokacin da ruwa ke ɗaukewa, sai aka ce shi ya shanye. Hasken rana ne ke shiga ɗigon ruwa ya karye, ya bugi bayan ɗigon ya dawo, ya fito a rarrabe launi-launi. Ki sa ta lura, duk lokacin da ta gan shi ta wajen tsaunukan Shere, gabas da Jos, da maraice, rana tana bayanta. Kuma don Allah, Hajiya, in tana lissafa launukan ta ce shuɗi, ta ce ruwan baba. Mutanen da suka gaji rini da marina ba su da uzurin cewa "bulu".

Na ƙarshe yana tambayar ma'anar "inuwar giginya, na nesa ka sha."

Giginya doguwa ce, ganyenta can ƙoli, in rana ta karkata inuwar sai ta faɗi nesa da gindinta. Ana faɗa wa mai alheri ga bare, danginsa na kusa kuwa ko oho.