Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗora Tsohuwar Windows a Kwamfutar Tebur

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da injin yanka sitika a shagona, kuma manhajarsa ba ta aiki sai a Windows XP. Na sayi kwamfutar tebur ta hannu mai Core 2 Duo, na sa faifan XP, amma yana fara lodi sai allon ya koma shuɗi da lamba 0x0000007B. Wani ya ce hadis ɗin ne ya mutu. Ina mafita? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin sayen wani hadis, da wuya in laifinsa ne. XP ta fito a 2001, kafin hadis mai igiyar SATA ya yaɗu, shi ya sa faifanta ba shi da direban tsarin haɗa hadis da ake kira AHCI. Direba ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ta gane na'ura ta yi aiki da ita. Idan kwamfutar na kan wannan tsari, XP ba ta ganin hadis ɗin kwata-kwata, sai ta tsaya da lambar nan da ka gani.

Gyaran na cikin BIOS, wato allon saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da ka kunna kwamfutar, yi ta danna F2 ko Del, a wasu kuma F10 ne. Nemi wurin da aka rubuta SATA, ka sauya shi daga AHCI zuwa IDE. Wasu kamfanoni suna rubuta ATA ko Compatibility, duk abu ɗaya ne. A nan ma za ka sa faifan CD ya zama farkon abin da kwamfutar za ta tashi da shi. Adana, ka fita. In ka gama ɗorawa kada ka mayar da shi AHCI, shuɗin allon zai dawo.

Faifan da za ka yi amfani da shi ya kasance mai SP3, wato kunshin gyare-gyaren XP na uku, wanda ya fito a 2008. Faifan farko, wanda ko SP1 ba shi da shi, ba ya ganin abin da ya haura GB 137 na hadis. Ware wa XP kamar GB 40, ka yi masa fomatin da NTFS, sauran ka bar shi don ajiyar aiki. RAM na GB 2 ya wadatar. Ko ka sa GB 4, XP mai bit 32 za ta ga GB 3 da 'yan kai ne kawai, don haka ƙarin asarar kuɗi ne. Kuma kada ka fara sai kana da UPS ko janareto a kunne, domin in aka ɗauke wuta ana tsakar kwafe fayiloli, yawanci sai an koma farko.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne direbobi. Sauke su tun farko a wata kwamfuta, daga shafin kamfanin da ya ƙera taka, da lambar samfurinta. Fara da direban chipset, wato na madabod (babban allon cikin kwamfuta), sannan na hoto, sai na sauti, a ƙarshe na injin naka. Wanda ya rage da alamar tambaya mai ruwan ɗorawa a Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, buɗe bayanansa za ka ga lambobi biyu, ɗaya bayan VEN ɗaya bayan DEV. Ta farko kamfanin ce, ta biyu na'urar, da su ake gano direban daidai. Ka yi dace da ka sayi Core 2 Duo, domin daga ƙarni na huɗu na Intel Core zuwa sama samun direbobin XP ya yi wuya ƙwarai.

Abin da ya fi damunmu a tambayarka kuwa shi ne tsaro. Microsoft ta daina gyara XP tun 8 ga Afrilu, 2014. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta wata kafa a tsarin raba fayiloli na Windows ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Don haka wannan kwamfuta ta injin ce kawai: babu wayar intanet, babu waya-fai, babu shiga banki. Filashin kwastoma ma kada ya taɓa ta. Karɓi aikin a wata kwamfuta mai sabuwar manhaja, ka tace shi, sannan ka kai shi da filashinka guda ɗaya da ka ware. Ka kashe Autorun, wato tsarin da ke buɗe abin da ke cikin filashi ko faifai da kansa. Idan komai ya zauna daidai, ɗauki hoton hadis ɗin, wato kwafinsa gaba ɗaya, da Clonezilla, manhaja ce ta kyauta, ka ajiye. Ranar da ta rikice, mayar da hoton kawai za ka yi, ba sai ka sake bin duk wannan hanya ba.

TAMBAYA: Windows 7 nake amfani da ita. Kullum na kunna kwamfuta sai kwanan wata ya koma baya da shekaru, shafuka kuma su ƙi buɗewa, su ce haɗin ba shi da tsaro. Na so in sake ɗora ta da filashi, sai ta ce babu direban CD. Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Malama, matsalar kwanan wata ba ta Windows ba ce, kuma sake ɗorawa ba zai magance ta ba. A kan madabod akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, shi ke riƙe agogo idan an kashe kwamfuta. Naki ya mutu. Cire wayar wuta, buɗe akwatin, ki danna ɗan maƙallin da ke gefensa, ki sa sabo da alamar + tana kallon sama, sannan ki gyara kwanan wata a BIOS. Shafukan suna ƙin buɗewa ne saboda burauza tana gwada takardar shaidar kowane shafi da agogonki, in agogon ya yi baya sai ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba.

Batun direban CD kuma, filashin kika sa a ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, alhali faifan Windows 7 bai zo da direbansa ba. Mayar da shi baƙin rami na USB 2.0, ki sake tayarwa. Idan da manhajar Rufus kika haɗa filashin, zaɓi MBR a wurin tsarin rabon hadis.

Sai dai ki sani, Windows 7 ta daina samun gyara tun 14 ga Janairu, 2020, Chrome ya tsaya mata a siga ta 109, Firefox a 115. Tunda karatunki na buƙatar intanet, shawararmu ki ɗora Linux Mint Xfce a madadin Windows in injin naki mai bit 64 ne kuma RAM ya kai GB 2. Kyauta ce, ana sabunta ta, tana zuwa da Firefox da LibreOffice, kuma za ki iya gwada ta daga filashi kafin ki goge komai. Ki fara kwashe takardunki zuwa wani wuri tukuna.