Na haƙo tsoffin sulalla duk sun yi kore, in jiƙa su a ruwan khal?

Tambaya: Malam, na'urar gano ƙarfe ta yi mini ƙara a wani fili, na haƙa na tarar da sulalla 11 na tagulla. Duk sun yi kore, huɗu sun manne da juna, ɗaya kuma tana fitar da wani gari. Hankalina ya tashi kada su lalace a hannuna. Wani ya ce in jiƙa su a ruwan khal da gishiri su kwana. In yi?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi. Kwantar da hankalinka, abin da ya shekara ɗaruruwa a ƙasa ba zai narke cikin mako guda ba.

Wannan koren mai tauri da santsi fatar sulen ce, kada ka ɗauke shi datti. Tagullar sama ce ta rikiɗe a hankali, kuma sau da yawa rubutun da fuskar mai mulkin a cikin fatar nan suka rage, ƙarfen ƙarƙashi duk ramuka ne. Asid ɗin da ke cikin khal zai cinye fatar cikin dare ɗaya, da safe ka ɗauko jan faifai mai ƙyalli wanda ba a iya karanta ko harafi a kansa. An sha kawo mini irinsu a ƙulle cikin leda, mai su yana murmushi wai ya gyara. Wani da man goge baki, wani da soson ƙarfe, wani har da asid ɗin batir, saboda ya ga bidiyon wani ɗan na-iya a intanet. Masu bidiyon nan suna nuna maka ƙyallin minti biyar, ba sa dawowa bayan wata shida su nuna yadda sulen ya koma. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin fatar da aka kankare ba ta dawowa, kuma mai saye na kallo ɗaya zai gane an goge.

Gishirin ma ya fi muni. Shi ke haddasa cutar tagulla: sinadarinsa ya haɗu da laima da iska ya haifi asid a jikin ƙarfen, ya yi ta ci daga ciki. Garin nan mai launin kore-kore da ka gani, mai yiwuwa ita ce. Ware wannan sulen, ka sa shi a mazubi mai murfi tare da ƙullin silika mai tsotse laima, ka gaggauta kai shi ga ma'aikacin adana kayan tarihi. Sauran ka bar su su bushe, kowanne a takardarsa. Huɗun da suka manne kada ka sa musu wuƙa.

A 2010, wani mai amfani da na'urar gano ƙarfe irinka, Dave Crisp, ya gano tukunya cike da sulallan Rumawa 52,503 kusa da garin Frome a Ingila. Bai kwashe ba, ya kira masana suka ɗebe su daki-daki, aka san yadda aka zuba su. Kai ma rubuta ainihin wurin da zurfin ramin, ka daina haƙa a can. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila kwana 14 ake ba mutum ya kai rahoton irin wannan tarin. Nemi gidan adana kayan tarihi mafi kusa da kai, ka kuma sanar da mai filin.