Amsa ga Malamar da Kayan Bugun Hotonta Ba Su Iso Ba

Assalamu alaikum, Malama. Na karanta tambayarki a kan aikin bugun hoto da kika shirya wa ɗalibanki, inda kika ce wanda zai kawo miki robar sassaƙa da tawada daga Kano bai cika alkawari ba, mai injin bugun da zai ara muku wuri ya janye, ga baje kolin makaranta saura mako uku. Na koyar da wannan sana'a a nan Maraɗi, har a lokacin da aka rufe iyakarmu da Najeriya bayan watan Yulin 2023 kaya suka daina shigowa ta Jibiya da Ɗan Issa, kuma shawarata ita ce kada ki mayar da aikin zanen fensir.

Abin da ya kamata yaro ya koya a nan abu uku ne: ya sassaƙa siffa, ya gane cewa abin da ke dama zai fito a hagu, ya kuma buga ta sau da yawa ta fito iri ɗaya. Babu ɗaya da ya dogara ga kayan Kano. Inji shi ne mafi sauƙin maye gurbi, domin murza takarda da bayan cokali ya wadatar idan takardar ba ta da kauri. Masu bugun katako na Japan da hannu suke murza takarda, ba da inji ba.

Inda za ki zauna ki yi tunani shi ne abin da za a sassaƙa. Robar cikin taya da masu faci suke zubarwa tana yankuwa da almakashi, sai a manna ta a kan katako, kuma masu yin hatimi a kasuwa za su nuna wa yara yadda ake riƙe reza ba tare da rauni ba. Kwali ma yana yi, idan aka manna yanka-yankansa bisa juna aka shafe da gam ya bushe. Ni dai na fi son sakaina, wadda da irinta ake buga zanen adinkira a kan tufafi a Gana, amma saboda lanƙwasarta ƙananan siffofi kawai take ɗauka. Ko da wanne kika zaɓa, dole ɗalibai su sake zanensu, domin siraran layukan da suka tsara wa robar sassaƙa ba za su tsira a kwali ba. Za su yi ƙorafi, kuma suna da hujja tunda sun sha wahala, sai ki ware musu kwana biyu su rage zanen zuwa manyan siffofi na baƙi da fari.

Game da tawada, irin ta makarantar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro tana kama kwali da sakaina idan aka ƙara mata kauri da ɗan sitaci, amma a kan roba tattarewa take yi, kuma a iskar hunturu tana bushewa kafin yaro ya ɗora takarda. Gara ki sayi ɗan abin da ya samu na tawadar mai a wurin masu buga katin biki. Kaɗan take ci, ana dangwala ta da ƙunshin tsumma, ana goge ta da man gyaɗa, sai dai takan ɗauki kwanaki kafin ta bushe, don haka a gama bugu mako guda kafin baje koli.

Ki ba su labarin Bruce Onobrakpeya, shahararren mai bugun hoto ɗan Najeriya, wanda ya yi karatu a Zariya. A 1967 sinadarin asid ya ɓata masa farantin bugu, ya cike ramukan da gam mai tauri, daga nan ya samo salon da ya yi suna da shi. A ranar baje kolin kuma ki rataye robar ko sakainar kusa da kowane hoto, tare da bugun gwaji na farko, ki sa kowane ɗalibi ya rubuta lambar bugu da sunansa da fensir a ƙasan takarda. Idan kina buƙatar wanda zai nuna musu murzar cokali, ki sanar da ni, zan zo.